Kare ya ƙi tuwo: yanga ce ko ciwo? Abin da alƙaluma ke nunawa

Da zarar ƙurar Hawan Sallah da ta Hawan Magajiya ta lafa a Daura bayan layya, ƙorafi ɗaya ake ji a bakin masu karnuka, tun daga mafaraucin bayan gari har mai gadin gidan Alhaji: kare ya ƙi tuwo. An zuba masa a kaskonsa, ya zo ya shinshina, ya juya ya koma gindin darbejiya ya kwanta. Wani ya ce yanga ce ta shige shi tun da ya ɗanɗani naman layya. Wani ya ce a ƙyale shi, yunwa za ta dawo da shi hanya. Wani kuma, mai raunin zuciya, ya aiki yaro ya sayo masa tsire.

Kowanne daga cikin ukun nan na iya dacewa, kowanne kuma na iya yin kuskuren da zai ci ran dabbar. Na taso a gidan da ake ajiye kare saboda gona da garken awaki, na kuma ga karen da aka ce yanga yake yi ya mutu cikin kwana huɗu, na ga wanda aka yi ta lallashi da nama alhali ƙoshi ne ya hana shi ci. A ido, su biyun kamarsu ɗaya a ranar farko. Abin da zai raba su lissafi ne: nauyin karen nawa, abinci nawa jikinsa ke nema, awa nawa ya yi bai ci ba, zafin jikinsa digiri nawa. Alƙaluman ba su da yawa, kuma duk wanda ke iya lissafin kuɗin buhun gero a kasuwar Mai'aduwa zai iya riƙe su.

1,700 da 9,000

A harshen ɗan Adam akwai ƙwayoyin ɗanɗano kimanin 9,000. A harshen kare kimanin 1,700 ne kacal, wato bai kai kashi ɗaya cikin biyar na namu ba. A hanci kuwa labarin ya juye. Ƙwayoyin jin ƙamshi a hancin mutum miliyan 5 zuwa 6 ne, na kare kuwa ɗaruruwan miliyoyi, har wasu jinsunan kan kusanci miliyan 300. Shi ya sa Bahaushe ya ce in ka ga kare na shinshina takalmi, ɗauka zai yi. Da hanci yake yanke shawara, baki biyo baya yake yi.

Wannan ya bayyana abubuwa biyu da muke gani kullum. Tuwon jiya da ya kwana ya sandare ba shi da ƙamshin da zai ja kare, amma in aka ɗumama shi, aka zuba masa ɗan romon ƙashi mai ɗumi, karen da ya juya baya ɗazu sai ya lashe kasko. Tuwon bai canza ba, tururi ne ya ɗauko ƙamshin ya kai masa. Haka nan karen da ƙurar hunturu ko majina ta toshe wa hanci yakan rage ci, kamar yadda mai mura ke cewa miya ta yi lami.

Lissafin abin da jiki ke nema

Likitocin dabbobi suna auna abinci da kalori, kuma suna da ƙa'ida ta gano abin da jikin kare ke ƙonawa in yana kwance bai yi aikin komai ba. A ninka nauyinsa da kansa sau uku, a danna alamar tushen murabba'i sau biyu a kalkuletar waya, sannan a ninka abin da ya fito da 70. Ɗauki karen gida mai kilo 15. Lissafin 15 sau 15 sau 15 zai ba da 3,375. Tushe na farko 58, na biyu 7.6. A ninka da 70, an sami kalori kusan 530 a rana. Wanda bai son wahalar waya na iya ninka nauyin da 30 ya ƙara 70, zai sami 520, tazarar ba ta da yawa ga karnuka masu irin wannan girma.

Wannan na kwance ke nan. Baligin kare da ba a fiɗiye ba, kamar yawancin namu, ana ninka masa adadin da 1.8, sai ya zama kimanin kalori 960. Wanda aka fiɗiye, da 1.6, kimanin 850. Karen farauta a tsakiyar kakar farauta, mai wuni yana bin zomo a daji, ana ninka nasa daga sau 2 har sau 5 gwargwadon aikin. Ko sau 3 aka ɗauka, kalori 1,600 ke nan. Kare guda, nauyi guda, amma abin da yake nema ranar farauta ya kusa ninka na ranar da ya wuni a ɗaure. Mafarauci da ke mamakin yadda karensa ke barin rabin tuwo da damina, lokacin da aka jingine gora da adda aka ɗauki fartanya, ga amsarsa nan. Aikin ne ya ragu, cikin ya bi shi.

Akwai wani abu a cikin wannan ƙa'ida da nake so a lura da shi, domin a nan masu manyan karnukan waje ke ruɗewa. Buƙatar abinci ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyi. Kare mai kilo 30 ya ninka mai kilo 15 a sikeli, amma na kwancensa kalori 900 ne, ba 1,060 ba. Mai kilo 40 kuwa kimanin 1,110. Mutumin da ya sayo ƙaton karen gadi daga Kano ko Jos, ya ga girmansa, ya cika masa roba har baki safe da yamma, zai ga ana barin saura kullum, sai ya ce karen na zaɓen abinci. Karen ya ci abin da jikinsa ya nema ne ya tsaya.

Ta ɗaya gefen kuma, kwikwiyo mai kilo 3 da bai kai wata huɗu ba, na kwancensa kalori 160 ne, amma sau 3 ake ninka masa saboda girma, wato 480. Nauyinsa kashi ɗaya cikin biyar na babban kare, abincinsa rabi. Ga cikinsa ƙarami, ba zai ɗauki wannan a zama ɗaya ba, don haka sau huɗu ake ba shi a rana har wata uku, sau uku har wata shida, daga nan sau biyu.

Waɗannan alƙaluma mafari ne kawai. Karnuka biyu 'yan ciki ɗaya na iya bambanta sosai a abin da suke ƙonawa. Amma wanda ya san mafarin ya fi wanda ke zuba abinci da ka.

Abincin da mai gida bai gani ba

A nan ne karen Daura ya bambanta da karen littattafan Turawa. Nasu a rufe yake a ɗaki, duk abin da ya shiga bakinsa ta hannun mai shi ya bi. Namu, in ba a ɗaure yake ba, da asuba ya zaga mayanka, da hantsi ya leƙa bola, da yamma yana gefen mai tsire, da dare yara sun jefa masa ƙanzo. Da ya dawo gida ya riga ya cika rabin lissafinsa ko fiye. Ƙiyasin masana ya sa karnukan duniya tsakanin miliyan 700 da biliyan ɗaya, kuma mafi yawansu irin namu ne, masu yawo suna neman na kansu.

Ƙa'idar likitoci ita ce kayan kwaɗayi kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abincin yini. Ga karenmu mai kalori 960, kashi 10 kalori 96 ne. Gasasshen naman sa giram 100 na ɗauke da kalori wajen 250, don haka rabonsa na kwaɗayi bai kai giram 40 ba, yanka biyu ko uku na tsire. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, shi kaɗai ya haura iyaka. To, a kwatanta wannan da abin da kare ke samu a kwana ukun layya: kitse, tumbi, huhu, ƙasusuwa, daga gida goma. Yana iya cin abincin kwana biyu a wuni ɗaya. Ƙin tuwo a rana ta huɗu, in yana wasa yana shan ruwa, ba abin tashin hankali ba ne. Abin tsoro a wannan makon shi ne kitse mai yawa a lokaci guda, wanda kan kumbura wa kare wata gaɓa da ke narka abinci kusa da tumbinsa, sai a ga amai, da ƙobarewar baya, da kuka in an taɓa cikinsa. Sai kuma dafaffen ƙashi, musamman na kaza da zabo, mai tsagewa ya zama tsinke a hanji.

Giram 29 cikin 43

Sau da yawa nakan ji 'yan boko na cewa tuwo ba abincin kare ba ne, kare nama yake ci. Bincike bai goyi bayansu ba. A shekarar 2013 masana a Jami'ar Uppsala ta ƙasar Suwidin sun nuna cewa ƙwayar gadon da ke narka sitaci, wadda kyarkeci ke da kwafi 2 kacal, karnukan gida na da ita daga kwafi 4 har zuwa 30. Dubban shekaru na zama da manoma sun sa cikin kare ya saba da hatsi. Kakanninmu da suka ciyar da karnukansu da tuwo da kunu da dusa ba su yi kuskure ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne gayan tuwo shi kaɗai. Garin gero giram 100 na ba da kalori wajen 370. Don cika 960, ana buƙatar gari kimanin giram 260. Furotin, wato sinadarin gina jiki, kashi 11 cikin 100 ne na gero, sai a sami giram 29. Ma'aunin da hukumomin abincin dabbobi na Amurka suka kafa kuwa ya ce mafi ƙaranci ga baligin kare giram 45 ne a kowace kalori 1,000, wato giram 43 ga namu. Giɓin giram 14 ne, kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma furotin ɗin hatsi ba ya cika ingancin na nama. Ga kwikwiyo da karya mai shayarwa ma'aunin ya haura giram 56.

Cike wannan giɓi ba ya buƙatar buhun abincin kanti. Dafaffen ƙwai ɗaya na ba da giram 6, biyu sun kusa rufe shi. Nama ko kayan ciki giram 70, abin da mahauci ke sharewa daga kan tebur, na ba da giram 14. Busasshen kifi, dafaffen wake da aka farfasa, ɗan ƙuli-ƙuli marar yaji, nonon da ya yi tsami, duk suna taimakawa. Hatsi da tsokar nama duka matalauta ne wajen kalsiyam mai gina ƙashi, amma ɓawon ƙwai guda na ɗauke da kusan giram 2, buƙatar karen kuwa giram 1.2 ne a rana. A tafasa ɓawon, a shanya, a daka ya yi laushi, rabi ya isa. Kwikwiyon manyan jinsuna kam kada a ƙara masa sai da shawarar likita, yawansa na lanƙwasa masa ƙafafu.

Miya fa? A nan nake roƙon uwargida ta yi hattara. Albasa da tafarnuwa na fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare, kuma dafuwa ba ta kashe wannan illa. Abin da ya kai rabin kashi ɗaya cikin 100 na nauyin jikinsa ya isa ya yi ɓarna, wato giram 75 ga kare mai kilo 15, bai ma kai matsakaiciyar albasa guda ba. Illar ba ta fitowa ranar, sai bayan 'yan kwanaki: kasala, ƙin ci, fitsari ja ko baƙi-baƙi. Ragowar miyar biki da dambun da aka cika wa albasa, in aka juye wa kare su kwana da kwanaki, mai gida ba zai taɓa danganta ciwon da su ba. A ɗebi romon kare kafin a zuba albasa, barkono da dunƙulen ɗanɗano.

Bazara

Daga Maris zuwa Mayu zafin rana a ƙasar Daura, daga Baure zuwa Zango da Sandamu, kan haura digiri 40. Kare ba ya zufa irin tamu, da haki yake fitar da zafi. A kwance cikin sanyi yana numfashi sau 10 zuwa 30 a minti, in yana haki kuwa yakan kai ɗaruruwa. Narka abinci ma zafi yake haifarwa a jiki, don haka karen da ya ƙi ci da azahar a watan Afrilu hankali ya yi. A mayar da abincinsa bayan asuba da bayan magariba, a ga bambanci.

Ruwa shi ne abin lura. Ma'auninsa mililita 50 zuwa 60 ne a kowane kilo, wato kusan 900 ga mai kilo 15, leda biyu ta ruwan sha ke nan, kuma da bazara ya fi haka nesa. Karen da aka ɗaure a rana, kaskon ruwansa ya ƙafe tun hantsi, ba zai ci ba ko da kilishi aka ajiye masa. Mu da muka san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, bai dace a same mu da wannan sakaci ba. Sai dai in kare na shan abin da ya haura mililita 100 a kowane kilo cikin sanyin hunturu, ba aiki ba rana, ga kuma rama, wannan na iya zama alamar ciwon ƙoda ko na suga.

Agogo da ma'aunin zafi

Yanzu mu zo ga alƙaluman da rai ya rataya a kansu. Lafiyayyen baligin kare na iya tsallake abincin wuni guda ba tare da wata illa ba. In ya kai awa 48 bai ci komai ba, ko da yana tafiya da ƙafarsa, a nemi likitan dabbobi. In ƙin cin ya zo da amai, gudawa, kasala ko ƙin shan ruwa, ba a jiran awa 24 ma. Kwikwiyo kuwa ba shi da ajiyar suga a jiki, awa 12 ba ci ta isa a tashi tsaye.

Ma'aunin zafi na kemis, wanda kuɗinsa bai kai na kaza ba, shi ne kayan aikin da ya fi kowane amfani a nan. A shafa masa man baselin, a sa ta dubura, a keɓe shi ga kare kaɗai. Zafin lafiyayyen kare digiri 38 zuwa 39.2 ne, ya ɗara namu na 37, don haka jin jikinsa da ɗumi a hannu ba hujja ba ne. Daga 39.5 zuwa sama, a karen da ke kwance a inuwa, zazzaɓi ne. Sannan a dubi dasashinsa. Na lafiya ja-ja ne mai haske. In ya yi fari kamar takarda, jini ya ƙare, kuma a ƙasarmu masu laifin farko su ne kaska da tsutsar ciki. Kaskar kare mai ruwan ƙasa, wadda ke ɓuya a tsagar bango da cikin kunne da tsakanin yatsu, tana ɗauke da ƙwayoyin cutar da ke cinye jini, kuma alamarsu ta farko ita ce wannan juya wa kasko baya. Tsutsa kuwa kwikwiyo kan zo da ita tun daga ciki ko ta nonon uwa, shi ya sa ake fara ba su magani tun suna mako 2, a maimaita kowane mako 2 har su yi wata 2 zuwa 3.

Kwikwiyon da ya ƙi ci yau, gobe ya fara amai, jibi gudawar jini mai ɗoyi, mai yiwuwa ciwon farbo ne, cutar da ta ɓulla a duniya a 1978. In ba a yi magani ba tana iya kashe 9 cikin 10, in kuwa an kai shi da wuri aka sa masa ruwa, 8 ko 9 cikin 10 kan tashi. Rigakafinta na farawa a mako 6 zuwa 8, ana maimaitawa har mako 16. Wanda ke sa ran karen bana ya yi maganin zomon bana, a wannan allura zai fara kashe kuɗi. Kuma don Allah kada a ɗauko farasitamol ko ibufurofen na gida a ɗura wa kare, ƙwayar da ke sauƙaƙa wa mutum ciwon kai na iya huda masa ciki ko ta lalata masa hanta da ƙoda.

Akwai ƙin ci guda ɗaya da ya wuce batun kare, ya shafi duk wanda ke gidan. Karen da halinsa ya canza farat ɗaya, mai fara'a ya koma ɓuya ko mai tsoro ya koma kai hari, ya bar abinci yana tauna ƙasa da itace, muryarsa ta dishe, muƙamuƙinsa ya saki yana dalalar da yawu kamar ƙashi ya maƙale masa a maƙogwaro, kada kowa ya sa hannu a bakinsa neman ƙashin. Haka ciwon hauka kan zo, kuma ba kowane mahaukacin kare ke bin mutane da cizo ba, wasu shanyewa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum 59,000 ke mutuwa da shi duk shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, har kashi 99 ta hanyar kare, kuma 4 cikin kowane 10 da ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Wanda aka ciza ko yawun ya taɓa masa rauni, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudana na minti 15, a tafi asibiti ranar a fara allura, ba a jiran alama, domin in alama ta fito magani ya ƙare. Karen kuma a killace shi kwana 10 ƙarƙashin idon ma'aikatan dabbobi. Allurar rigakafin karnuka ana yin ta a gida Najeriya, a Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda aka kafa a 1924. Ana fara yi wa kare yana wata 3, kuma in an yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan yanki, cutar kan yanke. A masarautar Daura da ke da doguwar iyaka da Jihar Damagaram, inda karnukan makiyaya da na mafarauta ke ƙetarawa ba ruwansu da shingen iyakar Kongolam, wannan adadi namu ne da maƙwabtanmu gaba ɗaya.

Wasu dalilan kuma na ɗan lokaci ne, suna wucewa da kansu. Namiji kan bar abinci kwanaki in akwai karya mai neman barbara a unguwa. Karya mai ciki, wanda kwana 63 ne, kan rage ci a wajen mako na uku ko na huɗu, ta kuma ƙi ci sam a wunin da za ta haihu. Kwikwiyo mai famfara, lokacin da haƙoran nono 28 ke zubewa na girma 42 ke fitowa tsakanin wata 4 da 7, ya fi son abu mai laushi. Ƙarar bindigogin hawa da Sallah ko Sallar Gani ma kan sa matsoracin kare ya wuni ƙarƙashin rumbu ba ci.

Haƙarƙari

Mutanenmu kan auna lafiyar dabba da ƙiba, ɗabi'ar da muka ɗauko daga kiwon rago da sa. Kare ba ragon layya ba ne. Likitoci na da ma'auni daga 1 zuwa 9, kuma daidai shi ne 4 ko 5: in ka shafa gefensa ka ji haƙarƙari ba tare da dannawa ba, in ka dube shi ta sama ka ga ƙugu ya shiga, ta gefe kuma ciki ya ɗage. Karnukan Sahel ma siraran halitta ne. Azawak, karen Buzaye na Nijar da Mali da Burkina Faso, dogo ne ƙwarai amma nauyinsa kilo 15 zuwa 25 ne, kuma ganin layin haƙarƙarinsa ba yunwa ba ce. Yawancin karnukan farautarmu wannan siga suka ɗebo.

Wani bincike da kamfanin Purina ya gudanar a Amurka, aka wallafa a 2002, ya bi karnuka 48 jinsin Labrado tun suna ƙanana har mutuwarsu. An raba su biyu-biyu 'yan ciki ɗaya, ɗaya na cin kashi 25 cikin 100 ƙasa da ɗan'uwansa. Masu cin kaɗan sun kai matsakaicin shekara 13, masu ƙoshi 11.2. Kusan shekara biyu ke nan, ga kuma jinkirin ciwon gaɓoɓi. Abin da ya kamata ya tayar da hankali shi ne rama mai ci gaba. Kare mai kilo 15 da ya zubar da kilo ɗaya da rabi, kashi 10 cikin 100 ke nan, ba tare da an rage masa abinci ba, yana buƙatar gwaji. A sa shi a buhu a rataya a sikeli sau ɗaya a wata, a rubuta. In abin ya fi ƙarfin ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma, akwai Katsina da Kano, akwai kuma asibitin koyarwa na likitocin dabbobi a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Minti 15, kwana 7

In zafin jiki daidai ne, dasashi ja, nauyi bai sauka ba, yana shan ruwa yana kaɗa bindi, to yanzu ne za a iya kiran abin yanga, kuma yawanci mu ne muka koya masa. Ya ƙi tuwo, aka kawo shinkafa. Ya ƙi shinkafa, aka kawo nama. Kare mai saurin gane ciniki ne, ya fahimci ƙin na farko ke kawo na uku.

Gyaran ba shi da tsada. A auna rabonsa na yini a raba biyu. A ajiye masa a kaskonsa na kansa, wanke tsaf, a wuri mai inuwa nesa da kaji da sauran karnuka, a lokaci guda kullum. A ba shi minti 15, in bai ci ba a ɗauke ba faɗa ba lallashi, sai lokaci na gaba. Tsakanin nan ba ƙanzo, ba ƙashi, ba loma daga hannun yara, kuma wannan shi ne mafi wuya, domin sai duk gidan ya yarda, har da kaka mai jefa masa ragowar furarta. Ruwa kuwa ba a ɗauke shi ko kaɗan. Lafiyayyen kare kan sauko cikin kwana biyu zuwa uku. Ba a yi wa kwikwiyo wannan horo, ko karya mai ciki ko mai shayarwa, ko tsoho, ko wanda ya tashi daga ciwo.

In kuma abincin ne ake son canzawa, daga na kanti da tsada ta sa ya gagara zuwa na gida, ko daga naman Sallah zuwa tuwo, a bi shi a hankali cikin mako guda: kwana biyun farko kashi ɗaya cikin huɗu na sabo, kwana biyu na gaba rabi da rabi, sannan kashi uku cikin huɗu, ranar ta bakwai sabo zalla. Hanjin kare na buƙatar wannan lokaci, in an yi gaggawa gudawa ce za ta biyo baya, mai gida kuma ya ɗora wa tuwon laifi. Ga karen da layya ta sangarta, a ajiye ɗan romon ƙashin rago marar albasa, a riƙa kwaɓa masa tuwo mai ɗumi da shi, ludayi guda yau, rabi jibi, har ranar da zai sa baki a kasko ba tare da ya ɗago kai ya dubi hannun mai zubawa ba.